Kwalekwalen da Ban Shiga Ba

A Gummi na tashi, inda Baba yake aikin jinya. Mu Kirista ne, gida uku ko huɗu a unguwar, kuma Kaka Saratu, mahaifiyar Baba, tare da mu take. Da an sauke tuwo da magariba, ba ta barin garwashi ya mutu a banza. Sai ta ɗora masara, ni da yayata Rifkatu mu matso. Ba ta yi karatu ba. Abin da ta ji a coci shi take maido mana da bakinta.

Labarin da ya fi zama mini shi ne na Yesu da Shaiɗan. Ta ce bayan ya kwana arba'in a daji ba ci, Shaiɗan ya kai shi ƙololuwar Haikali, ya ce ya diro, ai an rubuta mala'iku za su tare shi. Yesu ya ƙi, ya ce ba a gwada Allah.

Ni abin bai gamsar da ni ba. Na ce da ya diro, da kowa ya ga ikon Allah. Kaka ta juya masara, ta tambaye ni ko ina shakkar Inna za ta fid da ni in na faɗa rijiya. Na ce a'a.

"To tashi ki faɗa mu gani," in ji ta.

Rifkatu ta yi ta dariya, Kaka ba ta yi ba. Ta ce, "Kin san tana son ki, ɗiyata. Mi za ki gwada kuma?"

Bayan rasuwarta da shekaru, ina aure a wani ƙauye wajen Bukkuyum, aka aiko mini cewa Baba ba lafiya. Damina ce, gulbi ya kawo. Na iso bakin ruwa goye da jaririyata, na tarar kwalekwalen ƙarshe na yinin ya cika, ga babura, ga buhuna, ruwa na lasar bakinsa. Wata da muke coci ɗaya tana ciki. Ta miƙo hannu, ta ce in shigo, ai Allah na tsare nasa. Na sa ƙafa ɗaya. Sai yarinyar ta motsa a bayana, na janye.

Ina tsaye ina kallo suka haye lafiya lau. Wata dattijuwa Musulma ta ba ni tabarma a ɗakinta, na kwana ina roƙon in sami Baba da rai. Da safe na haye. Ya gane ni, ya riƙe jikarsa. Kwana biyu a tsakani ya cika.

Har yau nakan juya abin a raina. Da sunan Allah jarabar ta zo mini, daga bakin mai ƙaunata, shi ya sa na kusa rasa gane ta. Da shiga kwalekwalen ya fi mini sauƙi. Abin da ya yi wuya shi ne in zauna wannan gefen ruwa, in bar Baba a hannun Allah har gari ya waye.