Kwalin Da Ya Rufe Kawu

Fankar ɗakin da nake gadi ta tsufa. Idan tana juyawa takan yi wata ƙara, kar-kar-kar, kamar haƙoran ƙarfe na cin wani abu. Mai gidan ya ce zai canja ta, ni kuwa ban matsa masa ba. Ƙarar nan sak irin ta majigin unguwarmu ce. Duk ranar da zafin Jidda ya kwantar da ni a ƙarƙashinta, sai in ga kaina a unguwarmu Karantina, ina yaro, zaune kan tabarma na jingina da gwiwar Kawu.

Yaran yanzu suna cewa wai babu silima a garin nan sai kwanan nan. Akwai. Hoshi ne, wato fili mai katanga babu rufi. A shafe bango ɗaya da farar ƙasa, a jera benci a baya, a shimfiɗa tabarmi a gaba, shi ke nan. Na kusa da mu na wani ɗan Yaman ne, siriri, kullum da sigari a bayan kunne. Da an idar da isha'i ake farawa. Har yau ina jin warin wurin: kalanzir, gumin mutane, balila, wato dafaffen waken Larabawa, mai zafi da ake sayarwa a ƙofa, da iskar teku mai ɗanko da ke manne wa mutum riga a baya.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Tsire yake yi a bakin titi, wanda Larabawan nan ke ce wa sire, kuma shi ke kiran salla a ɗan masallacin lungunmu. Dogo ne, ba ya son hayaniya. Kafin ya zauna a Jidda ya yi aikin jirgin ruwa daga Bur Sudan. A wata tafiya zazzaɓi ya kama shi, aka sauke shi a wani gari na bakin teku a ƙasar Sifen, jirgi ya tafi ya bar shi. Da ya warke ba shi da ko sisi, ba ya jin yaren. A bayan garin akwai hamada, a can masu yin fim suka kafa sansani, suna neman wanda ya san raƙumi. Kawu kuwa cikin raƙuma ya tashi. Haka ya shiga.

A can ya haɗu da wanda yake kira mutumina. Ɗan ƙasar ne, ɗan wasan fim, amma ba irin waɗanda ake sa hotonsu a bango ba. Aikinsa a kashe shi. Yau ɗan fashi ne mai faffaɗar hula, gobe Balarabe ne da rawani, jibi a shafa masa jan launi a sa masa gashin tsuntsu. Ko wane ne shi, kafin a kai tsakiya an harbe shi ya faɗo daga doki. Kawu ya ce mutumin nan ne ya raba ɗakinsa da shi, ya riƙa tsame masa naman alade daga abinci tun kafin ya tambaya, ya kai shi gidan tsohuwarsa ranar hutu. Da hannu da ido suke hira. Wata rana ya nuna wa Kawu tabon da ke jikinsa ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya taɓa sai ya kai hannu baki, wato wannan faɗuwar ce ta ciyar da yara.

To, irin finafinan nan su suka fi zuwa hoshinmu, bayan na Masar da na Indiya. Mu yara muna kallon jarumi, Kawu yana duba bayan jarumi. Can sai in ji ya taɓa ni da gwiwa.

"Ga shi can, na uku daga hagu. Mai karkataccen hanci."

Mu muka raɗa masa suna Mai Mutuwa. Da ya bayyana sai tabarma ta ɗauka: "Yalla, faɗi, faɗi!" In ya faɗo a yi ta tafi. Kawu ba ya tafi. Duba kafaɗar da ya faɗi a kanta yake yi, ya ce wannan ta yi kyau, ko ya ce a'a, wannan ya ji ciwo. Wani lokaci ya girgiza kai ya ce, "Ba muryarsa ba ce wannan. Wani suka sa ya yi masa magana. Shi muryarsa siririya ce." A haka muka bi rayuwar mutumin daga bangon hoshi. Muka ga ya tashi daga yaron 'yan fashi ya zama ubangidansu, wanda ba a kashewa sai ƙarshe. Muka ga furfura ta fito masa. Ranar da ya fito da tumbi a matsayin mai masauki, ba a ko harbe shi ba, Kawu ya yi hamdala a fili.

"Ya yi ƙiba. Ashe yana samu."

Abu ɗaya ne ya hana Kawu sakewa. Ya ce akwai fim guda da shi kansa ya fito a ciki, tsaye a bayan mutuminsa. Dattawan da suke zama a mirkazi, wato dogon bencin hira na ƙofar mai shayi, ba su yarda ba. Sun yarda ya je Sifen, sun yarda ya yi kiwon raƙuma. Amma a ce mai tsire ya shiga silima, nan suka tsaya. Wanda ya fi kowa shi ne tela, abokin wasansa, mutum mai baki kamar almakashinsa.

"Jarumi ya iso, a matsa masa. Ya shehu, yau mutum nawa ka harbe kafin la'asar?"

Kawu ya yi murmushi ya zauna. Amma na san abin na cinsa, domin a gida na ji yana ce wa Inna, mahaifiyata, "Mutumin da ke kiran mutane salla, a ce ana yi masa kallon mai ƙari a zance." Inna ta ce, "Yaya, rabu da su." Bai rabu ba. A wurin irin su Kawu, da ba su da gida nasu, ba su da takarda mai ƙarfi, maganar bakinsu ita ce dukiyarsu.

Sai na koma baya kaɗan. Lokacin da ɗan Yaman ya buɗe hoshin, dattawan masallaci sun tashi za su kai ƙara a rufe. Kawu ne ya shiga tsakani, tunda shi ya san abin. Ya ce ba duka ne ɓarna ba. A bar yara su ga doki da teku, amma duk inda mace ta fito rawa ko aka zo sumba, mai majigi ya sa kwali ya rufe idon injin har a wuce wurin. Aka amince a kan haka. Ɗan Yaman ya yanko murfin kwalin sabulu ya rataye shi da igiya a jikin majigin. In ya sauke shi bango ya yi duhu, sauti na ci gaba, mu kuwa mu yi ta fito da ihu har ya ɗaga.

Wata ranar bazara aka kawo wani fim na Larabawan ƙarya, masu takuba da fada. Ba a daɗe da farawa ba na ji gwiwar Kawu ta taɓa ni a baya. Ya ce, "Shi ne fim ɗin." Bai ko tsaya ya ƙarasa ba. Ya ja ni muka fita, wai ba zai kalli wurin shi kaɗai ba, sai da shaidu.

Washegari ya rufe tukubarsa da wuri. Ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a. Ya bi dattawan mirkazi ɗaya ɗaya, har liman, wanda bai taɓa taka hoshin ba. Ɗan Yaman ya goge musu benci na gaba. Ni ina ƙasa a kan tabarma.

Aka yi ta sukuwa, aka yi ta sara. Can Mai Mutuwa ya fito da rawani da zobba, shi ne wazirin sarki. Ya nufi wata babbar ƙofa. Kawu ya miƙe zaune.

"To, ku duba. Da an buɗe ƙofar nan, ina bayansa ta dama, riƙe da mafici."

Aka buɗe ƙofa. Kiɗa ya tashi. Muka ga ƙafar mace da mundaye ta shigo. Sai kwali ya sauka.

Yara suka ɗau ihun da suka saba. Bango baƙi, ganga na tashi, ana jin dariyar maza a cikin fim. Na juya na dubi Kawu. Bakinsa a ɗan buɗe, idonsa na kan bangon, kamar in ya ƙura sosai zai huda duhun. Ya manta. Shi a ransa ɗakin fada ne da mafici, da mutuminsa da ya taka masa ƙafa da gangan don ya sa shi dariya, har ya ciji leɓe. Rawar ba ta zauna masa a kai ba. Da kwali ya ɗaga, an koma hamada.

Tela ya gyara zama ya ce, "Ma sha Allah. Mun gan ka, jarumi. Baƙi wuluk, ka cika bangon gaba ɗaya."

Har liman sai da ya rufe baki da gefen rawani.

Ɗan Yaman mutumin kirki ne. Kashegari da hantsi ya zo wurin tukuba, ina nan ina jera itace. Ya kira Kawu baffa da Larabci, ya ce, "Ya ammi, wallahi ban sani ba. Ku zo ɗakina da rana, ku dattawa kawai, in rufe taga in haska muku babu kwali."

Kawu yana yanka nama, bai ɗago ba. "In tara liman da masu furfura a ɗaki mu kalli cibiyar mace, don a ce ban yi ƙarya ba?"

"To in yanko maka gutsure ɗaya daga zaren fim ɗin. Ka ɗaga a rana su gani. Babu wanda zai sani."

"Naka ne?"

"Haya ne."

"To magana ta ƙare. Ni na ce a sa kwalin nan. Ba zan ce a ɗaga shi ranar da ya zo kaina ba."

Na ji haushinsa ranar, ba kaɗan ba. Gutsure ɗaya, kamar farcen yatsa. Bayan kwana biyu fim ya wuce wata unguwa, bai sake dawowa ba.

Daga nan Kawu ya daina ba da labarin Sifen. Tela ya ci gaba da kiransa jarumi, sunan ya bi shi, har yara da ba su san mafarin ba suna cewa a ba su tsiren Jarumi. Yana amsawa. Hoshi kuwa bai daina zuwa ba, sai dai ya koma can baya, ya ga mutuminsa ya tashi ya tafi. Da shekarun saba'in suka zo ƙarshe aka rufe hosunan duka. Labarin mutuminsa ya yanke. Wani lokaci yana juya tsire sai ya ce, ba da kowa ba, "Ko yana nan, ko ya yi ta gaske." Bai jima sosai ba Kawu ya rasu, ashe shi ya riga shi. Ni kuma na shiga ɗawainiyar iƙama, takardar zaman ƙasa, da neman kafili mai tsaya mini, ban ƙara tunawa da wani Mai Mutuwa ba. Ban yi karatu mai zurfi ba, ban san sunan fim ɗin ba, sunan mutumin ma ban riƙe ba, da yake Kawu bai cika faɗa ba.

Bara ina gidan 'yata, an kunna wani wasan talabijin na Sifen da aka juya zuwa Larabci. Tsohon wasa ne. Ga wani kaka a kujera, kai duk sanƙo, jikoki na hawa jikinsa. Ya juya gefe, na ga hancin. Na ce da ita, "Tsaya. Na san mutumin nan." Ta yi dariya, ta ce Baba a ina. Ta ɗauki hotonsa da waya, ta yi 'yan danne-dannenta, sai ga shi. Ya rasu da daɗewa, da tsufa sosai. Ta ce ya yi aiki har ƙarshen ransa, a ƙasarsu ma sun karrama shi. Ta karanto mini jerin finafinansa, ba ya ƙarewa. Muka yi kwanaki muna bin masu rawani a ciki har muka kai ga babbar ƙofar.

Babu kwali. Matar ta shigo, kuma wallahi tufafin jikinta sun fi na allunan talla da ke kan titi yanzu. A bayan waziri ta dama ga wani saurayi dogo, baƙi, ƙasusuwan wuya a waje, riƙe da maficin gashin jimina. Waziri ya ɗan motsa ƙafa. Saurayin ya ciji leɓe. Gaba ɗaya bai fi a ja numfashi biyu ba.

Na tashi da waya a hannu kamar mai zuwa wani wuri, sai na tsaya. Wa zan kai wa? Tela ya rasu, liman ya rasu, ɗan Yaman ya koma ƙasarsu tun tuni. Karantina kanta an baje ta, ko inda mirkazin yake ba zan iya nunawa ba.

Inna ce kaɗai ta rage. Tana wurin ƙanena, ba ta fita, ido ya yi rauni. Na tsayar mata da hoton na kai kusa da fuskarta. Ta duba, ta ga matar, ta yi tsaki. Sai ta ɗora babban yatsanta a kan matar ta rufe ta ruf. Yatsa ɗaya ya isa. Ga Kawu nan a gefe, babu abin da ya taɓa shi.

Ta daɗe tana kallo. Na ce, "Inna, kin ga gaskiya ya faɗa."

Ta ce, "Ni da ma ban tambaye ka ba." Ta ƙara matso da wayar. "Dubi yadda Yaya ya rame."