Wayar da na murɗa da hannuna

Ni ne da laifi. Na fara da wannan ne domin na daɗe ina ba da labarin nan ta wata fuska, wani lokaci in ɗora wa ɓera, wani lokaci in ɗora wa hanya.

A shekarar farin da tiyar hatsi ta fi ƙarfin talaka a Damagaram, ina da ɗan garaji a bakin hanyar da ta nufi Takieta. Aiki ya yi ƙaranci, don wanda bai ci ba ba ya gyaran mota. Ana nan sai wata ƙungiya mai raba hatsi a karkara ta sami mota daga waje, mai bwat otomatik, wato wadda take sauya bitas, giya ke nan, da kanta. Direbanta wani dattijo ne Babarbare, abokin mahaifina, wanda ya tsufa a kan manyan motoci. Baba nake ce masa. Shi ya je ya gaya wa shugaban buronsu, wato ofishin ƙungiyar, cewa yana da ɗa bakanike, a riƙa kai masa motar. Da ita na ciyar da gidana a watannin nan.

A bakin sito ake ajiye ta. Ɓerayen shekarar nan kuwa yunwa ta haukata su, har sabulu ci suke yi. Ran nan ina ƙarƙashinta ina sauya mai, na ga wata siririyar waya da ta fito daga jikin bwat, wato akwatin giya, an gaigaye ta saura ƙiris. Ban san aikinta ba. Mu da muka koyi sana'a da kunne da hanci, waya ba ta ba mu tsoro, in ba ta fitila ba ce ko ta batir. Na fere bakinta, na murɗa, na naɗe da shuɗin sikoci, salatif ɗin naɗe waya. Ban yi mata dalma ba, ban kuma gaya wa kowa ba.

Bayan sati biyu Baba ya dawo daga Droum ya tsaya a garaji.

“Ɗana, baƙuwar nan ta fara rashin kunya. Ina barin kwaltar gudoro na hau burji, sai ta zabura kamar an tsikare ta, wata fitila ta kama ƙifta ido, ta maƙale a bitas ɗaya. Tudu kuwa sai da roƙo.”

Na karɓi makulli na zaga da ita gari. Lafiya lau. Na zaro ma'aunin mai na shinshina, ja ne garau, babu ƙauri.

“Baba, ko dai ƙafarka ta hagu ce take neman ambiriyaj, kulocin da ta saba takawa, ta taka birki?”

“Kai, ina jan mota uwarka ba ta san hanyar rijiya ba.”

Muka yi dariya. Amma da ya dawo karo na biyu da na uku da magana ɗaya, motar kuma kullum lafiya a hannuna, sai dariya ta ƙare a wajena. Lokaci ne da kowa yake zargin kowa. In ka ga hayaƙi a gidan maƙwabci sau biyu a yini, sai ka ce ina ya samo. Na fara bincikar motar kamar jandarma. Na tsinci ƙwayar gero a ƙarƙashin kujera. Motar hatsi ce, amma na ce me ya kawo shi gaba? Na ga kashin akuya a baya. Na lura da lambar kilomita, na ga ta ɗan zarce tafiyar Droum. Na haɗa su a raina: tsohon nan yana yi mata lodi fiye da kima, yana ratsewa kasuwannin ƙauye da buhunansa, in ta gaji ya zo ya ce fitila.

Na tambaye shi zancen akuya. Ya ce wata mata ya tarar a hanya da ita da akuyarta duk sun kasa, ya ɗauko su. Na ce to, a raina kuwa na ce an shirya amsa.

Da shugaban buro ya kira ni ya ce ko in gyara ko ya kai wani garaji, tsoro ya kama ni. Na ce masa motar ba ta da ciwo, a duba mai tuƙi. Na ambaci geron, na ambaci kilomita. Ban ce ɓarawo ba, amma a shekarar nan ba sai ka faɗa ba. Kafin Juma'a aka karɓe makulli daga hannun Baba.

Sabon direba ya yi tafiya ɗaya, ya dawo da labarin fitila. Wallahi ko a nan ban saduda ba. Na ce ai unguwarsu ɗaya da Baba, sun haɗa baki ne don a wanke shi.

Daga nan buro ya ɗauko wani mai gyaran wutar mota da ya yi zama a Libiya, yana da na'urar da suke kira baliz. A garajina aka yi aikin. Ya jona ta a ƙarƙashin sitiyari, ya ɗan danna, ya ce kwamfutar motar tana cewa labarin gudu yana yanke mata. Ya bayyana min: akwai ɗan abin da yake ƙirga juyawar bwat yana aika mata ta waya. In saƙon ya yanke, sai ta tsaya a bitas na uku don kada ta lalata kanta. In an kashe mota an tayar, ta saki, amma ba ta mantawa.

Ya kwanta a ƙasa ya bi wayar da yatsa. Ya sa aka tayar da mota, ya girgiza wani wuri, nan take fitilar ta kama.

“Maigida, zo ka ga aikin wani jaki. A gudoro tana manne, a burji tana rawa. Wa ya taɓa nan?”

Ragowar shuɗin sikocin tana rataye a ƙusa bayan kansa. Na ce, “Wa ya sani, ƙila tun can waje.”

Ya yi mata dalma cikin minti kaɗan, ciwo ya ƙare.

Wata guda na yi da abin a cikina. Na daina bi ta Birni, unguwarsu, don kada in haɗu da Baba. Aka ce min ya sayar da ragonsa, ya aika iyalinsa Gaffati wajen dangi, a masallaci kuma wasu sun daina matsa masa wuri. Wannan na ƙarshen ne ya kai ni buro. Na gaya wa shugaban komai. Ya ɗauke motar daga garajina, daidai ne. Zancen Baba kuwa ya ce wurin ya cike, sai dai zai rubuta masa takardar shaida cewa ba a kama shi da komai ba.

Na karɓi takardar na tafi da hantsi. Na same shi a zaure yana gyaran wata tsohuwar fitilar ƙwai.

“A'a, ɗana, ashe kana gari? Ya baƙuwar tamu?”

Na cire takalmi na durƙusa, na ajiye takardar a gabansa.

“Baba, wayar da ta hana ta tafiya ni na murɗa ta, ban faɗa ba. Ni ne kuma na je buro na sa aka zarge ka da hatsin mutane. Kai ka kai ni wurin, ni na fitar da kai. In ka yarda, bayan Azahar zan tsaya a ƙofar masallaci in faɗa kowa ya ji. Ba ni da hujja ko ɗaya. Don girman Allah ka yafe min.”