Alvin Havelka da Tsohuwa Bertha

A wani ƙaramin gari da ke tsakiyar Texas, in aka ambaci Alvin Havelka, baƙo kan tambaya ko mai gyaran famfo ake nufi ko mai jita. Mutum ɗaya ne. Daga Litinin zuwa Juma'a yana zaga gonaki da tsohuwar akori-kurarsa yana gyara injinan rijiya. Ran Asabar kuwa sai ya kankare baƙin mai daga farcensa, ya sa farar riga da malfa, ya nufi duk ɗakin rawar da aka gayyaci ƙungiyarsu.

Jitarsa ba irin wadda ake ratayawa a wuya ba ce. Tana da ƙafa huɗu kamar tebur, a zaune ake kaɗa ta, hannun hagu na zamar da wani ɗan mulmulallen ƙarfe a kan tsirkiyoyi, ƙafafu na taka feda, gwiwoyi na tura wasu ƙarafa a ƙarƙashi. Yana ɗan shekara goma sha tara ya fara jin kukanta a wani biki, bai sake samun sukuni ba sai da ya sayar da babur ɗinsa ya sayo tasa. Mahaifinsa, manomin auduga, ya saurara na ɗan lokaci ya ce ai wannan kukan kyanwar da aka taka wa wutsiya ne. Daga baya shi ne mai zama a layin gaba, yana gaya wa duk wanda ke kusa da shi cewa wancan ɗansa ne.

A shekarar da matarsa Marjorie ta haifi 'yarsu ta fari Alvin ya sayi amfilifaya, wani baƙin akwati mai lasifika ɗaya faɗin faranti, wanda nauyinsa ya kusa na ɗan maraƙi. Ya sa masa suna Bertha, sunan gwaggon Marjorie, wadda in ta zauna a kujera ba mai iya tayar da ita. Marjorie ta yi fushi na yini guda, daga baya ita ma ta koma kiran akwatin da sunan. Ban da Bertha akwai wani akwatin ƙarfe cike da na'urorin da ke sa sauti ya yi amo ya maimaita kansa, ga jitar ita ma da nata nauyin. Shekara arba'in Alvin na ɗora kayan nan a mota yana saukewa, bai taɓa yarda wani ya kama masa ba.

Abin ya faru ne wata Lahadi da rana, a walimar cocin garinsu. Hayaƙin naman da ake gasawa ya cika fili, mata na jera kolache, wainar da kakanninsu suka zo da ita daga ƙasar Czech. Alvin ya sunkuya ya rungumo Bertha daga bayan mota, sai wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa. Ya daure ya kai ta dandali, ya zauna, ya yi kiɗansa har ƙarshe ba wanda ya gane komai. Da aka tashi ne ya kasa miƙewa. Maza huɗu suka ɗauke shi har da kujerar suka kai shi mota, jama'a na tafi, don sun zaci girmama shi ake yi.

Likita ta ce masa ƙashin bayan zai warke, amma ya yi ban kwana da ɗaukar kaya mai nauyi.

Doyle Pruitt, mai goge kuma shugaban ƙungiyarsu, ya zo duba shi ya same shi kwance a ƙasan falo, ƙafafu a kan kujera.

"Tsoho, tun yaushe nake gaya maka matar nan za ta kashe ka?" in ji Doyle.

"Wace mata?" Marjorie ta tambaya daga kicin.

"Baƙar, ranki ya daɗe. Ke ai jinya kike yi."

Alvin ya ce, "Kai da kayan aikinka bai fi takalmi nauyi ba, me ka sani? Na daina kiɗa, ku nemi wani."

"Yanzu fa ana yin ƙanana, waɗanda ko da yatsa biyu ka ɗauka."

"Na gan su. Kayan wasan yara. Sauti a cikin nauyi yake, mutumina. In ka cire nauyin, me ya rage?"

Haka ya zauna a gida makonni. Ya gyara famfon kicin da ba abin da ya same shi, ya sake wa gwangwanayen Marjorie wurin zama, ya fara ba ta shawara kan yadda ake yanka albasa. Ranar da ya ɗaga murfin tukunyarta ya ce gishiri ya yi kaɗan, ta ajiye ludayi ta kira Doyle a waya. Washegari da safe su ukun suna cikin mota, Alvin a baya yana ƙunƙuni, jitarsa a bayansa.

Wurin Otis Ledbetter suka je, wani tsohon makaɗin irin jitar nan da ciwon kafaɗa ya sa ya koma haɗa amfilifaya a garejin gidansa. Doyle da Otis suka kafa jitar, Alvin ya zauna da kyar, ya sa ƙarafan kaɗi a yatsunsa.

Ƙaramin akwati na farko da aka jona masa, ko minti ɗaya bai yi ba ya ɗaga hannu. "Sauro ne a cikin kwalba. Cire."

Na biyu ya fi dama-dama. Siraran tsirkiyoyin sun fito tas, amma da ya sauka kan masu kauri ya taka feda, sai sautin ya shaƙe. Alvin ya kalli Doyle, kallon mai cewa ka gani ko.

Otis bai damu ba. Ya ce lasifikar ce ta yi ƙarama, irin jitar nan tana son mai faɗi. Ya bayyana wa Alvin cewa nauyin Bertha yawanci na maganaɗisun da ke bayan lasifika ne, da dunƙulen ƙarfen wuta, da katako mai kauri. Yanzu akwai maganaɗisu ɗan mitsitsi mai ƙarfin wancan, akwai katako marar nauyi. Ya jawo wata lasifika mai faɗin ta Bertha daidai, ya miƙa wa Marjorie, ta karɓa da hannu ɗaya ta yi dariya. Ya ɗora wani ɗan akwati a kan lasifikar, wanda bai fi na burodi girma ba, ya ce wannan ita ce amfilifayar. A gefen ƙafar Alvin kuma ya ajiye wani ƙarami kamar sabulun wanki, ya ce amo da maimaita sauti duk suna ciki, akwatin ƙarfen nan nasa ya huta.

Wannan karon Alvin bai ɗaga hannu ba. Ya yi waƙa mai sanyi, ya yi ta rawa, ya murɗa wannan maɓalli ya mayar da wancan. Doyle ya fita ya sha kofi ya dawo, Alvin yana nan yana murɗe-murɗe. Can ya ajiye ƙarfen a kan tsirkiyoyi ya yi tagumi.

"Yana da kyau," ya ce, kamar ana cire masa haƙori. "Amma akwai abin da babu. Ban san mene ne ba, sai dai kunnena na nemansa."

Otis ya ƙara kaurin sauti, Alvin ya ce ba shi ba ne. Ya ƙara amo, ya ce ba shi ba ne.

Marjorie, wadda ke zaune kan wani bokiti da jakarta a cinya, ta ce, "Daina kaɗawa tukuna." Garejin ya yi tsit. "To, ka ji? Abin da babu ke nan. Gurnanin nan ne. Bertha ko ba ka taɓa komai ba tana ta zzzz kamar tsohon firji. Shekara arba'in ina jin sa ta bangon ɗaki."

Doyle ya yi ta dariya har da riƙe ciki.

"In gurnanin kake so, zan sa maka kyauta," in ji Otis. "Waya ɗaya zan sassauta."

Alvin ma sai da ya dara. Amma ya ce ba zai saya ba sai ya gwada a gaban masu rawa, domin gareji daban, ɗaki cike da takalma daban. Otis ya ce ya tafi da su.

Ranar Asabar da yamma suka yi wasa a wani tsohon ɗakin rawa na katako da ke wajen gari. Alvin ya shigo da lasifika a hannu ɗaya, sauran kayan a jakar kafaɗa, yana tafe yana waige-waige kamar wanda ya manta wani abu a mota. A waƙoƙin farko fuskarsa a ɗaure take. Da aka kai ta huɗu, mai sanyi, ya ja wani dogon sauti ya bar shi ya narke a hankali, ya ji ya kai har ƙarshen ɗakin ba tare da komai ya dagula shi ba. Daga nan ya sake.

Da aka yi hutu, wata tsohuwa, Misis Zapalac, wadda ba ta taɓa fashin rawarsu ba, ta zo bakin dandali tana fifita da takarda.

"Alvin, ɗana, me ka ba Bertha ta ci? Yau muryarta kamar ta budurwa."

"Tana gida, Mama. Ta yi ritaya."

Ta leƙa bayansa, ta ga ɗan akwatin, ta gyara tabarau ta sake leƙawa. "Wannan ɗan abin? To, Allah ya raya shi."

Litinin ya koma wurin Otis ya biya. Ya kuma sa aka raba masa akwatin jitar gida biyu, ƙafafu da feda a ɗaya, gangar jikin a ɗaya, ya sayi ƙaramar kura mai taya da ake naɗewa. Bertha kuwa aka kai ta zauren coci, inda ake kiran lambobin wasan sa'a na bingo da ita ran Laraba, kuma ba wanda ke da niyyar motsa ta daga inda aka ajiye ta.

Yanzu Alvin ya haura saba'in. Ya bar gyaran rijiya sai ga tsofaffin abokan hulɗa, amma kiɗa ya ƙaru. Akwai wani zauren tsofaffin sojoji a garin da ke gaba da su, a saman bene yake, wanda ya yi shekaru yana ƙin zuwa saboda matakala. Bana shi da kansa ya sa Doyle ya kira su, kuma sun ba ƙungiyar Lahadin farko ta kowane wata.