Baba Mai Suwaita Ya Sauka Ƙasa

A ƙofar wata gonar shayi, can kan tsauni inda gajimare ke saukowa har bakin hanya, akwai dattijon da kowa ke kira Baba Mai Suwaita. Sana'arsa ba da hayar rigunan sanyi ga masu zuwa yawon buɗe ido. Mutanen ƙasa kan hau da 'yar riga shara-shara suna taƙama. Mota na tsayawa haƙora su fara kaɗawa, sai ka ga babban mutum da tumbinsa ya cusa kansa cikin suwaitar mata, ko a jikinsa.

A nan aka haifi Baba, bai taɓa sauka ba. Da can ba shi da surutu, amma bana ya zama ɗan jarida, sai yi wa baƙi tambayoyi.

"Ɗana, da gaske ne a wajenku mutum kan kwana ba bargo?"

"Baba, har da fanka ma."

"To tsofaffi fa? Zafin ba ya kayar da su?"

Baƙi su yi dariya su wuce ɗaukar hoto da mata masu tsinkar ganye. Ba su san har bara matarsa na cikin waɗannan matan ba. Tun tana amarya take shiga gona da kwando a baya, raɓa na jiƙa ta har ƙugu, yanzu ƙirjinta ya gaji. Likita ya ce in ta ƙara damina ɗaya a nan sama, tarin nan zai tafi da ita, a kai ta inda ake zafi. Ita kuwa ta kafe, wai ba za ta kai tsoho inda zai narke ba. Baba ya tsorata ƙwarai.

Rannan ya roƙi direban baƙi ya tafi da shi ƙasa ya gano wa idonsa. Tun a gangara kunnuwansa suka toshe. Ya cire suwaita, ya cire ta ciki, gumi bai fasa ba. Ɗakin da ƙanin matarsa da ke zaune can ya ce zai ba su mai rufin kwano ne, kamar tanda, ga sauro. Ya tsani garin. Sai dai ya zauna cikin tsofaffin unguwa a inuwa ya kasa kunne har yamma, bai ji wanda ya yi tari ba.

Washegari ya dawo, ya sami matarsa gaban murhu.

"Malam, yaya ka gano?"

"Wuri mai daɗi. Iska kamar ta nan."

Ta dubi wuyansa da ya cika da ƙurajen zafi.

"Har ka tsufa ba ka iya ƙarya ba. Za ka iya zama can?"

"In kina numfashi, zan iya."

Ta gyara itacen murhu. Sannan ta ce ya sauko mata da akwatinta daga kan kabad.