Ranar da Baba Ya Kira Ni daga Bayan Labule

Warin kananzir da tsatsa ne ke fara zuwa mini duk lokacin da na tuna ranar, kuma ban taɓa mantawa da ita ba. Garejin Baba a jikin gidanmu yake, a unguwar Bani Malik ta Jidda. Aikina a ciki, in na taso daga makaranta, ɗinka rigunan kujerun mota ne a bayan labule.

Wani dattijo ya kawo tsohuwar motarsa ƙirar Amurka a sake mata fenti. A ƙa'idar Baba ba a fesa fenti sai an cire firam, wato siririn ƙarfen nan mai ƙyalli da ya kewaye gilashin ƙofa, don in an bar shi tsatsa na ci gaba da ɓarna a ƙarƙashi. Amma iskar teku ta riga ta sa tsatsa ta kama ƙusoshi masu zare da ke riƙe da shi. In firam ɗin ya lanƙwashe ba ya miƙewa, babu irinsa a duk Jidda, kuma sunan Baba ne zai zube.

Amm Salihu mai fenti ya gaji da jira. "Ya Mu'allim, mu lulluɓe shi da takarda, halas, shi ke nan! Ko so kake fentina ya tsufa a gwangwani?"

Baba ya juyo wajen labule. "Zainabu, zo. Yatsunki sirara ne."

"Tela za ka ba ƙarfe?" in ji Amm Salihu. "Allah ya sa kada ta yi masa kalmasa."

Na kwance mariƙin ɗaga gilashi, na ɓare fatar ƙofa, na zare gilashin. Na ɗiga wa kowace ƙusa kananzir da gashin kaza, muka jira ta sha. Duk suka fito, sai ta ƙarshe da ke ɓoye ƙarƙashin roba. Na sunkuya ina leƙen kanta.

"Daina leƙe," in ji Baba a hankali. "Rufe idonki. Murɗa ta kaɗan kamar za ki ƙara ɗaure ta, ki saurara."

Na rufe, na murɗa. Sai na ji ƙas, kamar an fasa ƙwayar kankana da haƙori. Ƙusar ta saki, firam ya zamo cikin hannuna a miƙe, hasken rana na gudu a jikinsa kamar ruwa.

Amm Salihu ya ce, "Masha Allah. Yalla, maza, ya Mu'allima, sauran ƙofofin na jiranki!"

Tun daga ranar, duk firam ɗin da ya shigo garejin ni ke cire shi, kuma abin da Baba ya gaya mini nake gaya wa masu koyo. Sai bayan rasuwarsa Inna ta faɗa mini cewa tun kafin zuwan motar nan yanar ido ta hana shi ganin kan ƙusa. Ita kaɗai ta sani.