Mutanen Ɗaya ga Janairu

In ka shigo asibitin ta ƙofar gaba, ɗakin kati shi ne na farko a hannun dama, kafin ka kai wurin awon jini. Taga ɗaya gare shi da ake miƙo hannu ta cikinta, sai wata fanka da ke kuka kamar an bi ta da duka, sai kantoci bakwai na ƙarfe maƙare da katunan marasa lafiya, an ɗaɗɗaure su ɗari-ɗari da roba. A wannan ɗaki Baba Mai Kati ya yi shekara talatin da ɗaya. Sunansa na yanka ma ya ɓace a bakin mutane, har matarsa in ranta ya ɓaci cewa take, "Kai dai Mai Kati, Allah ya shirye ka."

Mutum ne siriri mai saurin tafiya, da biro biyu a aljihun gaba, ɗaya na aiki ɗaya na ko-ta-kwana. Tun yana makaranta ba abin da yake so irin lissafi. Aji uku na sakandare ya tsaya, shekarar da mahaifinsa ya rasu, amma lissafin bai bar shi ba. Ya san matakalar benen asibitin guda ashirin da biyu ce. Ya san ranar Litinin mutum nawa za su zo kafin su zo, kuma da wuya ya kuskure da fiye da goma. A gida kuwa matarsa ta ce ko cokulan ɗakin girkinta sun san shi, don in ɗaya ya ɓace shi ke fara tambaya.

Saboda haka da autarsa ta gama karatun kwamfuta, aka ba ta gwajin shirya wa asibitin manhajar adana bayanan marasa lafiya, jama'a suka zuba ido su ga tsoho ya tayar da ƙayar baya. Ina! Shi ya fi kowa rawar kai. Shi ya share mata kusurwa a ɗakin katin, shi ya ɗauko mata tebur a ka daga sito, ya goge shi da hularsa.

"Baba, ka fa san abin nan in ya kankama, kantocin nan naka sun zama kayan tarihi," in ji Auta.

"Su zama mana! Kin san nauyin ɗauri goma a kafaɗa kuwa? Ni dai ki nuna min inda yake ajiye mutanen."

"Ba mutane yake ajiyewa ba, layuka ne. Kowane mutum layi ɗaya."

"To ai ni ma haka nake yi, sai dai nawa layin ɓera na ci."

Wata huɗu Auta da ma'aikata biyu suna shigar da katunan, kusan dubu goma sha takwas. Babban Likita ya sa ranar Alhamis zai zo ya gani da idonsa. Ya faɗa ba ɓoye-ɓoye: in abin ya yi, za a ɗauke ta aiki ta ci gaba da kula da shi. In bai yi ba, a kwashe kwamfutar a koma wa kati.

A watannin nan ɗakin kati ya zama majalisa. Duk wanda ya sami sararin minti biyar sai ya leƙo ya ajiye ra'ayinsa. Kan gaba shi ne Direba, mai tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya, wanda ba a taɓa yin zance ya ce bai sani ba.

"Ni fa, Injiniya," haka yake kiran Auta, "wannan rubutun naki da ba wasali ba ma'ana, waye ke karanta shi?"

"Kwamfuta."

"Tana ganewa?"

"Abin da na faɗa mata kawai take yi, ba ƙari ba ragi."

"Ashe ta fi yaran gidana tarbiyya."

Matiron, shugabar ma'aikatan jinya, tana tsaye bakin ƙofa da makullai a hannu, ta ce, "Ba tarbiyya ba ce, rashin kunya ne. Mutum in ka ba shi umarnin banza sai ya ɗan yi jim ya dube ka. Wannan ko ka ce ta zuba gishiri a shayi zubawa za ta yi."

"Lissafi ne gaba ɗayansa, Matiron," in ji Baba Mai Kati, idonsa na ƙyalli. "Duk abin da kika gani a allon nan, lissafi ne sanye da riga."

Direba ya yi tsaki. "Kai dai da lissafinka. Shekara biyar ana sa ni neman wani harafi a makaranta, wai a nemo darajarsa. Yau shekarata ashirin da shida a kan titi, ban taɓa cin karo da shi ba ko a shingen 'yan sanda."

"Kana cin karo da shi kullum. In ka duba mai a tanki ka ce zai kai ka ya dawo da kai, me ka yi?"

"Addu'a."

Ranar Talata da hantsi Auta ta tafa hannu ta miƙe tsaye. "Baba, zo ka gani! Na gama share maimaici."

Ta yi masa bayani yana gyaɗa kai tun kafin ta ƙarasa. Mutum kan yar da ƙaramin katinsa, ya dawo a buɗe masa sabo, sai ya zama yana da kati biyu ko uku. Ita kuwa ta rubuta wa manhajar doka: duk inda suna ya zo ɗaya, sunan uba ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, to mutum ɗaya ne, a haɗe su.

"Kai, madalla! Nawa ta haɗe?"

"Dubu biyu da ɗari ɗaya da sittin."

Murmushin Baba Mai Kati ya ɗan tsaya a hanya. Shi a ƙiyasinsa masu kati biyu ba za su wuce ɗari huɗu ba. Amma yarinya na murna, kuma ga Matiron ta shigo tana cewa a gwada mata. Ta ba da sunan wata mata da ta kwanta a ɗakinsu makon jiya, irin sunan da in ka kira shi a layi mata biyar ke waigowa. Auta ta danna. Kafin ƙiftawar ido bayanin ya fito.

"Kun gani?" in ji Baba Mai Kati. "Da ni ne da yanzu ina kan tsani."

Matiron ta sa tabarau ta matso. Ta karanta, ta sake karantawa. "Injiniya, wannan baiwar Allah haihuwarta goma sha huɗu a shekara shida."

"A'a, Matiron, ba dai..."

"Ga shi nan. Biyu ma a wata ɗaya. An cire mata haƙori arba'in da ɗaya. Kuma rukunin jininta iri uku ne."

Direba ya riƙe ciki ya zauna a kan kwali. "Wayyo Allah! Ku ba ni adireshinta in je in gaishe ta, wannan ai jaruma ce!"

Matiron ba ta yi dariya ba. Ta nuna wani layi da makulli. "Wadda na sani allurar nan ba ta karɓe ta ba, saura kaɗan mu rasa ta bara. A nan an rubuta an yi mata ita sau uku lafiya lau. In sabuwar ma'aikaciya ta karanta wannan fa?"

Auta ta zauna, ta hau bin rubutunta layi-layi, ta tarar katunan mata tara ne manhajar ta haɗe wuri ɗaya. "Dokar daidai take. Na gwada ta sau nawa. Ta yaya mata tara za su haɗa suna, su haɗa sunan uba, su haɗa ranar haihuwa? Lissafi ma bai yarda ba."

Kalmar lissafi ce ta tsikari Baba Mai Kati. Ya zaro biro, ya juya bayan wani tsohon kati. "Auta, mutum dubu goma sha takwas, a raba su a kwana ɗari uku da sittin da biyar. Kowace rana ta tashi da wajen hamsin, ko ba haka ba? Tambayi abin naki, kowace rana mutum nawa aka haifa."

Ta rubuta layi biyu. Jeri ya sauko: arba'in da ɗaya, talatin da shida, ashirin da tara, haka dai. Sai rana guda a can sama ta yi tsaye kamar bene a cikin bukkoki. Ɗaya ga Janairu: mutum dubu shida da ɗari uku.

Baba Mai Kati ya cire hula ya dafe kai. Dariya ce ta fara zuwar masa, irin ta wanda ya kama ɓarawo ya tarar ɗan ɗakinsu ne.

"Ni ne," ya ce. "Wallahi ni ne. Aikina ne wannan."

Ya ba su labari. Ranar da ya fara aiki, wanda ya gada ya koya masa cewa ba a barin gurbin ranar haihuwa fayau, don ofishin sama na dawo da katin. To mutum zai zo taga, ka ce yaushe aka haife ka, ya ce shekarar da kogi ya cinye gada. Wata ta ce ita dai ta girmi ƙanenta da yaye biyu. Sai ka dubi fuska, ka dubi furfura, ka yanke shekara, ka rubuta ɗaya ga Janairu. Shekarun ma ba ya wahalar da kansa, masu ƙarewa da sifili ko biyar yake zaɓa.

"Shekara talatin da ɗaya ina haifar mutane rana ɗaya," ya ce.

Direba ya laluba aljihu ya zaro lasisinsa, ya ƙura masa ido. "Kai! Ni ma ashe ɗan gidan ne. To wa ya sani ko an haɗe ni da wani mai ciwon suga?"

Gyaran bai yi wa Auta wuya ba, don ta ajiye kwafin asali kafin ta haɗe komai. Ta warware haɗin, ta canza dokar: duk mai ɗaya ga Janairu da sunansa ya zo ɗaya da na wani, kada manhaja ta taɓa shi, ta ware shi gefe sai mutum ya duba. Ta kuma ƙara wani ɗan gurbi kusa da ranar haihuwa, inda za a nuna ko tabbas ce ko ƙiyasi. Zuwa la'asar ɗin Laraba komai ya koma daidai.

Abin da ya rage shi ne Babban Likita, don labarin mai haihuwa goma sha huɗu ya riga ya zaga asibitin, Direba ya tabbatar da haka. A hanyarsu ta komawa gida Auta ta ce, "Baba, gobe zan ce kuskuren dokata ne. Ai gaskiya ne, ban bincika ba kafin in haɗe."

"Rabin gaskiya ne. In kika tsaya nan zai ce abin naki ba shi da tabbas."

"In ka faɗi naka kuma zai ce shekara talatin kana cika kati da ƙarya. Saura shekara biyu ka yi ritaya da mutuncinka."

"Ke dai ki goge allonki ya yi ƙyalli," ya ce, ya ƙara sauri har tana bin sa da gudu-gudu.

Alhamis da ƙarfe goma Babban Likita ya shigo, Matiron na biye, Direba ya maƙale a taga wai yana neman katin ƙanwar matarsa. Likitan bai ko zauna ba.

"An ce na'urarku ta ba wata mata haƙora arba'in da ɗaya."

Auta ta buɗe baki, amma uban ya riga ta. Ya miƙa masa katin da ya yi lissafi a bayansa.

"Ranka ya daɗe, na'ura ba ta ƙirƙiri komai ba. Abin da na rubuta ta karanta. Duba nan, kowace rana hamsin ya kamata ta samu, wannan ta sami dubu shida da ɗari uku. Hannuna ne. Shekara talatin da ɗaya ba wanda ya gano, har ni da nake yi. Wannan abin ya tona ni a layi biyu." Cikin zumuɗi yake maganar, kamar ba laifinsa yake faɗa ba. "Layi biyu, ranka ya daɗe! Ka ga kuwa abin da zai gano mana nan gaba?"

Likitan ya daɗe yana duban katin. Sannan ya ce a kira masa sunan matar. Auta ta danna, mata tara suka fito a jere, kowacce da layinta. Matiron ta sa makulli a kan ta shida ta ce, "Wannan ce tawa, ga gargaɗin allurar nan da ja."

"Waɗanda aka ware fa, wa zai tantance su?"

"Ni," in ji Baba Mai Kati. "Na san rubutuna, na san fuskokinsu. Ko duka dubu biyu da ɗari ɗaya da sittin ɗin ne, in na yi arba'in a rana, kwana hamsin da huɗu na aiki sun ishe ni."

"Har ka lissafa?"

"Tun jiya."

Likitan ya mayar masa da katin, ya juya wajen Auta. "Ki zo ofis ranar Litinin da takardunki. Ki kuma koya wa wannan tsohon dannawa, tunda shi ya ɓata shi zai gyara."

Direba ya buga tagar da tafin hannu har ƙura ta tashi. Matiron ta kore shi, ta ce ga layi ya taru a bayansa. Auta ta ja wa babanta kujera gaban kwamfuta, ya zauna a bakin-bakinta, ya goge yatsansa a riga. Wata tsohuwa ta miƙo hannu ta taga.

"Sannu Iya. Yaushe aka haife ki?"

"Oho, ɗan nan. An dai ce ana tsakiyar damina."

"To wata na takwas ke nan ko kusa. Auta, ina gurbin ƙiyasin? A'a, kar ki taɓa, nuna min kawai."

Ya ɗaga yatsa ɗaya sama, ya auna, ya sauke shi a hankali.