Ko Kwarantin Ba Su Bar Wa Matar Malam Ba

Ina tsaka da yi wa jarirai rigakafi a asibitinmu na Kibiya yau da safe aka bugo min waya: Malam Rabi'u ya rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na bar wa abokiyar aikina layin, na hau motar Rano. Kafin in isa har an kai shi.

Mutuwa hukuncin Allah ce, ba ni da ta cewa. Abin da ya hana ni yin shiru shi ne, ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba an riga an ba wani mutum gidan da matar Malam za ta yi takaba a ciki.

Ga wanda bai san shi ba, shi ya koya mana Turanci a sakandare. A kwatas ɗin makarantar yake zaune da matarsa Umma Hajara tun ina aji ɗaya.

Malam Kwata muke kiransa a bayan idonsa, kuma ya sani sarai. Shi ya jawo wa kansa. Kalma ba ta wuce shi sai ya tono kakanninta. Ya ce kwata da kwatas da hedikwata da sikwaya duk 'yan gida ɗaya ne, tushensu kalmar Latin ce mai nufin huɗu. Wata rana ya ninke takardu huɗu ya ɗaga mana, ya ce abin da Turawan da suke kira quire ke nan.

"Ni ma na huɗu ne a gidanmu, shi ya sa aka sa min Rabi'u. Da Bature ya haife ni, Kwata zai raɗa min."

Na ɗaga hannu na ce, Malam, to kwatar mahauta fa? Ya ce wannan bai sani ba, in je in tambayi Sarkin Fawa in kawo masa amsa.

Mu 'yan matan da ke takowa daga wajen Dawaki, in ruwa ya tsare mu gidansa muke fakewa. Umma ta ɗumama mana tuwo, ta shanya hijabanmu a bakin murhu. Ranar da takalmina ya tsinke, silifas ɗinta na saka na koma gida. Ban taɓa jin an tambaye ni su ba.

Yau na buɗe waya, kowa ya saka hotonsa. Uba ga kowa, gwarzon malami, an yi babban rashi. Wasunku na san ku. Ku ne kuke ce masa mahaukacin ƙamus, kuna cewa abin da yake koyarwa ba ya fitowa a jarrabawa. Ya yi watanni a kwance, wa ya taka ya je?

Ganinmu na ƙarshe watan jiya ne, na je auna masa jini. Yana kan tabarma a gindin mangwaron da ya dasa, ya rame har agogonsa na yawo a hannu.

"Likita bokan Turai," ya ce, don haka yake tsokanata, "kwarantin ɗin da kuka yi ta tsare mutane lokacin korona, kin tuna asalinsa?"

Na ce kwana arba'in, Malam, huɗu sau goma. Ai ka koya mana.

"Rabi na koya muku. A tsohuwar dokar Ingila, kwarantin haƙƙin matar mamaci ne. Kwana arba'in za ta zauna a gidan mijinta, ba mai ikon ɗaga ta." Ya kalli wajen kicin inda Umma ke dama masa kunu. "Su arba'in, mu wata huɗu da kwana goma. Mun fi su tausayi, a karatu."

Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Sai yau na gane. Muna zaune a cikin gida, Umma na rungume da carbi, na ga wata mata da ban sani ba tana leƙa ɗaki ɗaki. Na ɗauka 'yar uwa ce. Ta matso kusa da ni ta ce, "Baiwar Allah, don Allah kicin ɗin nan yana yoyo da damina?"

Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Sai da aka riƙe ni.

Ƙanin Malam ne ya ja ni soro ya yi min bayani. Tun da ciwon ya yi nauyi aka rubuta wa wani ma'aikaci gidan, matarsa ce ke leƙa ɗakunan. Malam ya ji, ya ɓoye wa Umma. Yau a wajen jana'iza aka raɗa wa ƙanin nasa cewa su kwashe kafin ƙarshen wata.

Na san me za ku ce: gidan makaranta ne, ba gado ba. Na sani. Ba wanda ya ce a bar mata gida. Takaba ake magana, wadda Allah ya ce ta yi, kuma a gidan da miji ya bar ta ake yi. Waɗanda suka sa hannu a takardar gidan nan duk masu sallah ne, wasu ma a sahun gaba suka tsaya ɗazu.

Da zan tafi Umma ta riƙo mayafina. "'Yar nan, in akwai kwalayen magani da kuka gama da su, ki taho min da su. Littattafan Malam suna da yawa."

Na ce Umma ki yafe min, ba zan kawo ba.

Gobe zan je ofishin da aka rubuta takardar da kaina. Duk wanda ya taɓa zama a ajin Malam Rabi'u, ya bar hoton haka, ya same ni a can.

Allah ya jiƙan Malam, ya yafe masa, ya yalwata masa kabarinsa, ya ba shi gidan da ba a tayar da kowa. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. Ku sa da Umma Hajara, Allah ya sa ta fita takaba a ɗakin da ta shiga.